Sunan da Laburaren Ya Nema

Magariba ta kawo jiki, uwar gidan na zaune a falo gaban kwamfuta. Sana'arta rubuta manhaja. Wadda ke hannunta mai nauyin lissafi ce, don haka ta sauko da wani laburare, wato guntun manhaja da wasu can suka rubuta, mai raba wa ƙwaƙwalen na'ura aiki su yi shi lokaci guda. Harhaɗawa ta tafi lafiya. Wurin haɗe manhajar da laburaren ne abin ya cije: na'ura ta ce laburaren na kiran wani suna, ba a same shi ba. Ta duba ko'ina. Da ta gaji, sai ta rubuta sunan da kanta, ta bar cikinsa wayam. Nan take aka haɗe.

Tsakuwa ta faɗo kan rufi. Can sai wasu, da yawa, a tare.

Autarta ta fito daga kicin, hannu duk kumfa, ta tsaya. Da ta buɗe baki, muryoyi barkatai suka fito, babu mai saurara wa wata.

Tun daga ranar gidan ya zame musu kurkuku. Da an nufi ƙofar waje da yarinyar sai ta sandare, ta fi ƙarfin ɗauka. Uwar ba ta iya fitar da ita, ba ta iya barinta. Kwamfutar kuwa ko an zare waya ba ta mutuwa.

Ƙanin uwar ya kawo wani dattijon malami. Ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Wa ya kawo ku?"

"An kira sunan gidanmu," in ji muryoyin. "An buɗe mana ɗaki babu kowa, muka shiga."

"To ku fita."

"Mun so. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara."

Uwar ta dubi kwamfutar. Ta san irin wannan cijewar a wurin aiki, inda kowane sashe na manhaja ke jiran wani ya fara.

"Babbanku ya fara," in ji malam.

Wata tsohuwar murya ta ware daga sauran. "Sai an rushe ɗakin. Duka, har abin da aka jingina masa."

Ɗakin shi ne sunan nan da ta bar cikinsa wayam, abin da aka jingina masa kuwa manhajarta, aikin wata da watanni. Uwar ta goge su duka. Muryoyin suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, har falon ya yi tsit.

Ta rungume yarinyar, tana tsoron abin da za ta ji.

"Umma," in ji Auta da 'yar muryarta, "kin matse ni."