Wanda Ya Kira Ni a Bakin Magudana

Ranar Laraba ce, girkina. Doña Casilda, matar da ke riƙe da gidan da muke jinyar barin ƙwaya a Tijuana, ta leƙa kicin ta ce tortiya, wainar masarar da muke cin wake da ita, ba za ta kai ba. Mu mata goma sha tara ne, kuma wadda ta bar allura ci take kamar an huda mata ciki.

"Nereida, 'yata, je wajen Don Hilario mai tortiya ki karɓo. Ki bi titi, ban da magudana."

"Haba Doña, watana goma a gidan nan. Siminti ne zai cinye ni?"

Da tafiya na bi titi. Da dawowa rana ta yi ja, ƙunshin tortiya na ƙona mini ƙirji ta cikin tsumma, sai na yanke ta bakin magudanar. Ƙatuwar hanyar ruwa ce ta siminti, baƙin ruwa na bin tsakiyarta. Shekara uku a can nake kwana. A can yayana Baldomero ya mutu, kansa a cinyata, allurar na maƙale a hannunsa.

Kullum wurin da hayaniya: karnuka, tari, faɗa a kan bargo. Ranar shiru. Ko ƙarar motocin gada ta ɗauke.

Sai wari ya same ni. Tsami-tsami, irin na baƙar ƙwaya idan ta narke a cokali. Yawu ya cika mini baki tun kafin in gane.

Ƙyas. Ƙyas. Ana kunna laita.

"Siririya."

Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana haka: Baldomero.

Yana tsugune a bakin wata kwalbati, da jar hularsa, da cokali a kan wuta. Iska na kaɗa ledoji, amma harshen wutar ko motsi.

"Kin yi ƙiba," ya ce ƙasa-ƙasa, yana dariyar nan tasa. "Wake ya karɓe ki. Zo, na ajiye miki rabonki."

Ƙasusuwana suka ɗau ciwon da na ɗauka na bari a ɗakin sababbin zuwa. Ba zan yi ƙarya ba, na taka ɗaya. Na taka biyu.

"Yaya?"

"Sau ɗaya kawai. Wa zai sani? Ni kaɗai nake a nan, Siririya. Sanyi nake ji."

Nan na tsaya. Baldomero ya cuce ni da yawa, shi ya fara ɗaure mini damtse don allura. Amma maganarsa ta ƙarshe ina riƙe da ita. Cewa ya yi in gudu daga ramin nan, kada in waiwayo ko shi ne ya kira.

"Kai ba yayana ba ne," na ce.

Dariyar ta tsaya. Bakin bai rufe ba.

"Ni na wanke shi. Ni na zuba masa ƙasa. Hula ka ara, munafuki."

Ya miƙe. Ya ci gaba da miƙewa. Kansa ya wuce bakin kwalbatin.

Ban ga lokacin da ya iso ba.

Yatsu suka kama mini hannun hagu, a lanƙwasar gwiwar hannu. Sanyi kamar ƙarfen firiza. Babban yatsan na lalube, yana neman jijiya. Ya same ta.

"Tawa ce ke," ya raɗa. Muryoyi da yawa ne a ciki. Wasu na san su.

Tsinin allura ya taɓa fata.

"Uwarka ce taka!"

Na maka masa ƙunshin tortiya mai zafi a fuska da duk ƙarfina. Wani abu ya yi cuu, kamar ruwa a kasko. Yatsun suka sassauta.

Na fizge. Na haura simintin da gwiwa da farce.

A bayana yana kuka da muryar Baldomero.

Ban waiwaya ba.

Na faɗa ƙofar gida ba takalmi ɗaya, ba tortiya. Doña Casilda ta naɗe mini hannun riga ta duba. Shatin yatsu ne, shuɗi, guda shida. Fatar ba ta huje ba. Ta yi alamar gicciye, ta zuba mini wake zalla.

A zaman da'irarmu na yamma, inda kowace ke faɗin abin da ke ranta, na faɗi komai, har takun biyun. Babu wadda ta yi dariya. Wata sabuwar zuwa ta ce ita da muryar 'yarta yake kiranta.

Shatin ya ɓace cikin sati, amma wurin bai sake ɗumi ba. Da muka je gwajin jini, nas ta yi ta lalube har ta gaji.

"Jijiyar nan ta mutu, baiwar Allah."

Na miƙa mata hannun dama.

"Wanda ya kama ta ya riƙe abarsa," na ce. "Dama na gama aiki da ita."