Rufe Idonka, Tela

"Mama, wallahi Tela ba shi da ciwon suga! Likita ya ce bai kai ba tukuna..." in ji Auta.

"Haka aka ce wa babanki," in ji Mama, ko kallonta ba ta yi ba. "Sai da aka yanke ƙafar."

Auta ba ta manta ba. A gabanta Mama ta ƙare ƙuruciyarta wajen wankin gyambo, har Baba ya rasu. Shi ya sa da Tela ya zo neman aure, da ƙibarsa da fara'arsa, Mama ta kafa sharaɗi: a gwada jijiyoyin ƙafarsa a asibitin da Auta ke aikin jinya. In lafiya lau, a sa rana.

Mama da kanta ta rako su, ta zauna a bencin waje.

A ciki Tela ya hau gado da ƙyar, yana haki yana dariya.

"Yau dai amarya za ta ga ƙafar ango kyauta."

"Ka daina wasa, masoyi." Auta ta ɗauko wani siririn zare mai tauri. "Rufe idonka. Duk sanda ka ji na taɓa ka, ka ce ka ji."

Ta dangwala zaren a babban yatsa har ya lanƙwashe. Shiru. Ta koma tafin ƙafa. Shiru. Ta janye hannu don ta goge zufa.

"Na ji!" in ji Tela da sauri.

Hannunta na can a goshinta.

Ta tsaya cak tana kallonsa. Bawan Allah, ya runtse ido kamar yaro.

"Nan ma na ji..."

"Ban taɓa ka ba." Ta ajiye zaren. "Tun yaushe?"

Ya buɗe ido, duk fara'ar nan ta gudu.

"An ɗan jima. Da farko zafi-zafi suke yi in na daɗe a kan keken ɗinki. Kwanan baya na cire takalmi a shago, sai ga allura a tafin ƙafata. Ban san sanda ta shiga ba."

"Kuma ka yi shiru?!"

"Tsoro nake ji, Autata. Ba na ciwon ba. Tsoron rasa ki nake."

Hawaye suka zubo mata.

"Da wuri muka gano, ana iya tare shi! Ka rage ƙiba, ka riƙa tafiya, ka kula da abinci... Ni zan ce wa Mama ka ji. Ai ni kaɗai na gani."

Ya dube ta, sannan ya sa takalmi.

Suna fitowa Mama ta miƙe.

"Ya ji?"

Auta ta buɗe baki, amma ya riga ta.

"Ban ji ba, Mama. Ko ɗaya."

"Tela!"

"Na yi miki ƙarya a ciki, ba zan bari ki yi wa mahaifiyarki ba."

Mama ta dube shi, idonta ya cika taf. Tun da yake zuwa gidan, yau ne ta fara jin ƙaunarsa har cikin ranta.

"Allah ya ba ka lafiya, ɗana," ta ce a hankali. "Ka bi maganar likita, don Allah."

Sannan ta damƙe hannun 'yarta gam, ta ja ta suka nufi ƙofa. Auta na waiwaye tana kuka, shi kuwa bai ɗaga ƙafa ya bi su ba.