Ruwan Lagireto a Gindin Suri

Ku matso kusa. Talatu, rage fitilar nan. Abin da zan faɗa ko Inna ban gaya wa ba, kuma ba labarin jarumta ba ne.

Kun san Yaya Haladu a Gembu ya rasu, can aka binne shi. Da matarsa Lantana ta fita takaba, ni aka tura in ɗauko ta da 'yarsu Kubura, in taho da motarsa hayis gida. Rigarsa mai kauri na samu rataye a kujerar direba. Na saka saboda sanyi. Ƙamshinsa na nan a wuyan rigar, na man juye da lemun tsami. Ko da muka sauko inda ake zafi, ban iya cirewa ba.

Hanyar nan tana da kyau, har na ji kunyar ganin kyanta. Gajimare a ƙarƙashinmu, shanu a kan tuddai kamar an watsa farin wake a koren zane. Muka sauka Mayo Selbe, muka sha shayi a Serti, muka kwana Jalingo. Washegari a Numan, wajen gada, Lantana ta sayi soyayyen kifi. Ranar ta fara dariya.

"Direban jaki," in ji ta, "yayanka da hannu ɗaya yake hawa dutse. Kai da hannu biyu kana rawar jiki."

"To sauka ki tura mana, Hajiya."

"Allah ya kiyaye. In tura, ka ce kai ka kawo mu?"

Bayan Cham, kafin Kaltungo, mota ta ɗau zafi. Rana tsaka. Na gangara gefen titi, kusa da wani babban suri, jan tudun gara mai ramuka. Ba gida, ba gona, ko tsuntsu babu.

Yaya ya koya mini tun ina ƙarami: ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla, don masu wurin su janye 'ya'yansu. Na sani. Amma raina a ɓace yake, ina son in nuna wa Lantana na iya. Na shiga ƙarƙashin mota, na fizge tiyon lagireto. Tafasasshen ruwa ya kwarara, ya bi gangare, ya shige ramin surin. Bakina a rufe.

Sai na ji ƙara. Siririya, gajeriya. Kamar ɗan akuya da aka taka.

Na fito. Mace na tsaye gaban mota, doguwa, da goyo. Ba ta da inuwa. Na ce a raina, rana tsaka ce. Sai na duba ƙasa, na ga tawa.

"Sannu, direba."

Tana gabana, amma muryar daga bayan wuyana ta fito.

"Yauwa, sannu, Baba."

"Wa ya zuba ruwa?"

Goyon ba ya kuka. Tururi ne ke tashi daga zanen.

Ta zagaya wajen tagar Lantana, tafiyarta ba sauti a kan tsakuwa. Ta leƙa. Kubura na barci a cinyar uwarta, da ƙashin kifi a hannu. Matar ta daɗe tana kallonta.

"Fatarta da laushi," ta ce. "Kamar ta ɗana, ɗazu." Ta juyo. "Hannun da ya zuba nake nema. In ban samu ba, wannan ta ishe ni."

Kalma biyu ce kawai, ku gane. Ni ne. Suna kan harshena. Abin da ya fito daban.

"Haladu ne. Mai motar."

Lantana ta ɗago kai ta dube ni.

Matar ta matso, ta sunkuya, ta shinshina wuyan rigar da ke jikina. Numfashinta sanyi kamar bakin rijiya.

"Haladu," ta maimaita. "Ƙamshin nan ne a kan ruwan. Ina yake?"

"Gembu. Maƙabartar bayan tasha."

"A kwance?"

"A kwance."

"To ba zai gudu ba."

Ta ciro ƙaramar gora daga cikin zane ta miƙo mini. "Ladan mai nuna hanya. Zuba wa motarka."

Na mayar da tiyo, na zuba. Gorar ba ta kai tafin hannuna ba, amma ta cika lagireto har ya tumbatsa. Da na ɗago, babu kowa. Sai surin, yana ɗan hayaƙi.

Daga nan har gida Lantana ta rungume Kubura, fuskarta a taga. Kaltungo, Billiri, har Gombe. Da na tsaya a ƙofar gidan babanta, ta goya Kubura, ta tsaya ba ta dube ni ba.

"Sallau, na gode da 'yata," ta ce. "Amma shi me ya yi maka?"

Ba ta ƙara kirana direban jaki ba.

Shekara guda ke nan. Motar ba ta sake zafi ba. In yi Gombe zuwa Kano in dawo, in sa yatsa a lagireto, sanyi kamar ruwan randa. Direbobi a tasha suna cewa na yi sa'ar inji. Ina murmushi.

Watan jiya na haɗu da wani direban Gembu a gidan mai. Ya ce, "Kai ne ƙanin marigayi? Akwai abin mamaki. Duk maƙabartar nan ciyawa ta rufe, ban da kabarinsa. Da asuba, raɓa ko'ina, shi a bushe. Wani tsoho ya dafa ƙasar, ya janye hannu da sauri."

Kar ki yi kuka, Talatu. Ni ya kamata.

Ina yi masa addu'a, amma in na ɗaga hannu sai in ga hannun da ya zuba ruwan ne. Sau uku na koma hanyar don in tsaya gaban surin in faɗi gaskiya. Sau uku ina hango shi, ja, a gefen titi, ƙafata ta danna totur da kanta.

In tafiya ta kai ku tsakanin Cham da Kaltungo, kar ku tsaya ku kaɗai, ko mota na ci da wuta. In kuma wata ta tare ku ta tambayi Haladu, ku ce mata ba shi ba ne. Ku faɗa mata sunana. Ni na kasa.