Takobin Gidan Ba Kyari

"Bincike ne! Ƙato da gora! A buɗe ƙofa!"

Safiyar Lahadi ce a Bulumkutu. Rabin layin sun tafi coci, sauran kuwa sun riga sun koyi abin da shekarun nan suka koya wa kowa a Maiduguri: in ka ji ana dukan ƙofar maƙwabci, ka ja taka ka rufe. Babakura ya san haka, shi ya sa ya zaɓi ranar. Su uku ne. Shi, da Sa'id mai ƙaramar bindiga a ƙugu, da Ba'ana da suka bari a bakin layi cikin keke napep, injin na kunne. Sun rataya gora kamar 'yan sa-kan da ke tsaron unguwanni, sun naɗe fuska da rawani.

Baba Pindar ya buɗe. Tsohon soja ne, ƙafa ta hana shi zuwa coci. Bai gama cewa ai shekaranjiya aka yi musu bincike ba, Sa'id ya cusa masa bindiga a ciki ya tura shi baya.

"Ɗakin takubba, tsoho. Kada ka ɓata mana lokaci."

Duk unguwar an san ɗakin. Tun yana soja Baba Pindar yake tara tsofaffin takubban Turawa, yana bin ƙauyuka da kasuwanni yana saye. Ga miƙaƙƙe na Ingilishi mai tambarin kambi a garkuwar hannu. Ga na Jamus mai kan zaki a ƙota. Duk suna sheƙi a bango, domin da kansa yake shafa musu mai. Sa'id ya shiga ciro su yana jefawa a buhu kamar mai kwasar rake.

Babakura ko kallonsu bai yi ba. Ɗaya ya zo nema, ya kuwa gan shi a can kusurwa, shi kaɗai, ba ya cikin jerin 'yan'uwansa. Lanƙwasasshe, garkuwar hannunsa ta tagulla mai rassa uku, ƙotarsa naɗe da jar fata ɗinkin Borno. Ya san ɗinkin nan tun kafin ya san karatu.

Na gidansu ne. A Dikwa kowa ya san kakan ubansa ya ƙwato shi daga hannun wani hafsan Faransa a zamanin Rabe. Da 'yan daji masu tayar da ƙayar baya suka kore su daga garin, ubansa Ba Kyari ya bar gida, ya bar gona, ya bar shanu, amma ya naɗo takobin cikin tabarma. Suka sauka a sansanin 'yan gudun hijira. Rannan Ba Kyari ya fita da tabarmar, ya dawo da buhun shinkafa a ka, ya ce ya sayar wa wani tsohon soja a Bulumkutu, kuma kada wanda ya sake yi masa maganar. Bai daɗe ba ya rasu a kan wata tabarmar aro. Tun daga ranar wuta take ci a ƙirjin Babakura. Mutum ya ga yunwa a idon dattijo, ya karɓe masa mutuncin gidansa da shinkafa? Ya rantse sai ya ɗauko shi, ko da jini.

Ya kai hannu. Sai tsohon nan da ya tsaya shiru ana kwashe masa wahalar rayuwarsa ya daka tsalle da gurguwar ƙafarsa, ya rungume kuben.

"Ku ɗebi sauran. Wannan ku bar shi."

Babakura ya fizga. Tsoho ya ƙanƙame. Ya sake fizga — takobin ya zare, baƙi ƙirin, kuben ƙarfen ya rage a ƙirjin Baba Pindar.

"Mu ware!" in ji Sa'id.

"Yaro, in ka tafi da shi, kada ka bari dutsen wasa ya taɓa—"

Sa'id ya rufe masa baki da gindin bindiga. Tsohon ya zube, jini na bin gemunsa, bai saki kuben ba. Suka fita a guje. Ba'ana ya ba keke wuta, suka bi lungu-lungu har unguwar Dala, inda wani kango yake jiransu.

A kangon ne rigima ta tashi. Sa'id ya riga ya shirya da wani dillali da ke tura kayan da zuwa Njamena, kuma dillalin ya faɗa masa cewa lanƙwasasshen nan na Faransa shi ne kan kaya, sauran rakiya suka yi. Babakura ya ce a sayar da duka, ya yafe rabonsa, amma wannan ba na kasuwa ba ne.

"Au, ashe gadonka muka je ɗauko maka?" in ji Sa'id. "Mu muka sa wuya, kai ka samu abin rataya a ɗaki? Ɗakin ma kana da shi?"

Babakura ya shaƙe shi har sai da Ba'ana ya shiga tsakani yana haɗa su da Allah. Sa'id ya gyara wuyan riga, ya yi murmushi, ya ce shi ke nan, magana ta wuce. Duk wanda ya san Sa'id ya san in ya yi irin wannan murmushin, maganar ma ba ta fara ba.

Can a Bulumkutu, Rebeka 'yar tsohon ta dawo daga coci ta tarar da ubanta cikin jini. Sufeto Dzarma ya zo da 'yan sanda biyu, ya dubi ƙusoshin da suka rage a bango, ya yi tsaki. Garin da bama-bamai ke tashi, wa zai ba shi mota ya bi tsofaffin ƙarafa? Ya nemi ya tafi da kuben a matsayin shaida. Baba Pindar ya ce sai dai a haɗa da hannunsa. Sufeto ya ce to, zai baza magana a shingayen bincike, in an ga takobi a kira shi.

Washegari dole Babakura ya leƙa sansani ya ga mahaifiyarsa, kuma babu mai shiga can da ko reza. Ya tura takobin ƙarƙashin tarin bulo, ya rufe da yashi, ya tafi. Bai kai bakin titi ba Sa'id ya tono shi.

Sa'id ya juya shi a hannu, ya ga baƙi, ya ga tabon tsatsa. A hankalinsa, wa zai biya kuɗin kirki a kan abin da ko albasa ba zai yanka ba? Sai ya kai shi wurin mai wasa wuƙaƙen mahauta, ya ce a fito masa da shi fes, gaba da baya. Injin ya kama aiki, tartsatsi na tashi. A gadon bayan takobin akwai wani siririn rubutu na Faransanci, sunan garin da aka ƙera shi da shekarar da aka ƙera shi. A gefen kaifin akwai giɓin da gidan Ba Kyari ke nuna wa jikoki, a ce nan ne ya haɗu da mashi. Abin da ya wuce shekara ɗari yana nan, dutse ya cinye shi kafin shayi ya huce.

Da dillali ya gani sai ya dafe kai. Ya ce rubutun nan da baƙin nan su Turawa ke saye, yanzu kuwa adda ce, a kai wa masu saran itace. Ya karɓi sauran, ya kori Sa'id da wannan.

Da wani ne, da kunya zai ji. Sa'id lissafi ya yi. In Babakura ya buɗe ya gani, kashe shi zai yi. In kuwa Babakura da Ba'ana suka ɓace, babu mai neman rabo. Ya naɗe takobin a buhu, ya ɗaure tam, ya bar ƙotar kawai a waje. Sannan ya biya ta wani shinge a hanyar Bolori, ya raɗa wa wani ɗan sa-kai cewa 'yan daji biyu za su wuce da yamma a keke napep, da makamin yanka.

Babakura na dawowa Sa'id ya tare shi a ƙofar kango yana haki. Ya ce 'yan sanda sun gano wurin, ga kayansa ya naɗe masa, su bi ta Bolori kafin dokar hana fita, yaran shingen sun san Ba'ana ba za su duba ba. Babakura ya shafa jar fatar ƙotar, ya ji ɗinkin a yatsunsa. Har godiya ya yi masa.

Shingen ya cika da sojoji.

"Tsaya! Kashe inji! Hannu sama!"

Aka jawo buhun daga ƙarƙashin kujera. Wani soja ya yanke igiyar, ya zazzage. Takobin ya faɗo kan kwalta, fari tas, kaifinsa na ɗaukar ido. Babakura ya tsaya yana kallonsa. Ƙotar tasu ce. Sauran bai san shi ba.

Ba'ana ya fahimta kafin shi. A wannan garin, a wannan lokacin, baƙin tsohon takobi kayan sata ne, amma wasasshen takobi sunansa daban. Ya diro daga keke ya zura a guje.

"Ba'ana, kada ka—"

Tau! Tau!

Ya faɗi a bakin kwata, takalminsa ɗaya a tsakiyar titi.

Gora ta sauka a kan Babakura ta ko'ina. Aka ɗaure shi ta baya, aka ja shi zuwa wata babbar mota. Ya san motar. Kowa ya san waɗanda ake sakawa a cikinta ba a cika jin labarinsu ba. Sai ga mutumin da ya naɗe fuska jiya don kada a gane shi yana ihu iya ƙarfinsa, yana roƙon a gane shi.

"Ni ɗan fashi ne! Wallahi ɓarawo ne ni! A Bulumkutu na sato shi, ku tambayi mai shi!"

Dariya aka yi masa. Amma wani kofur ya tuna da saƙon Sufeto Dzarma, ya kira shi. Sufeto ya zo ya roƙi babban sojan ya ɗan dakata, ya aika a ɗauko tsohon. Babban sojan ya ce in mai kaya bai shaida kayansa ba kafin magariba, motar za ta tashi.

Rebeka ce ta riƙo tsohon, kansa naɗe da bandeji, kuben a hammatarsa. Aka miƙa masa takobin. Ya juya gadon bayan, ya bi shi da babban yatsa daga sama har ƙasa, yana neman rubutun. Sumul. Ya ce a gaskiya wannan ƙarfen bai san shi ba.

Tsoro da haushi suka haɗu suka fashe a bakin Babakura.

"Ka san shi! Na kakanmu ne! Kai ka karɓe shi a hannun ubana da buhun shinkafa, azzalumin tsoho!"

Baba Pindar ya ɗago a hankali.

"Kai ne ɗan Ba Kyari?"

Tsohon ya matso har Babakura na jin numfashinsa.

"Ban saya ba. Ajiya ya ba ni. Ya ce a sansani in an gan shi da takobi kashe ku za a yi duka. Shinkafar kuwa na ga yunwa a fuskarsa ne na ba shi. Ya ce zai gaya maka ya sayar, don ya san zafin kanka, kada ka zo ka ɗauka gari bai lafa ba. Shi ya sa ban taɓa goge shi ba, ba nawa ba ne. Ya ce wata rana ɗansa zai zo ya yi sallama." Ya nuna bandejin kansa. "Ga sallamar."



Babban sojan ya dubi rana, ya ce shi ba tarihi ya tambaya ba, nasa ne ko ba nasa ba? Tsohon ya daɗe yana kallon ɗan Ba Kyari. Sannan ya kifa ƙotar, ya kankare dattin da ke ƙarƙashin garkuwar tagulla da farce. Wata 'yar lamba ta fito, inda dutse bai kai ba. Ya nuna zoben kuben, ga irinta sak. Ya ce haka sojan Faransa ke yi, lambar takobi ita ce ta kubensa.

"Daga ɗakina ya fito," in ji shi. "Wannan ba ɗan daji ba ne. Ɓarawo ne, kuma wawa. Ku ba Sufeto shi."

An binne Ba'ana washegari, ya bar mata da goyo. Sa'id ya ɓace da kuɗin, takubban Baba Pindar suka haye iyaka, bai ƙara ganin ko ɗaya ba. Babakura ya sha shekarunsa a kurkuku, mahaifiyarsa ta rasu a sansani ba ya nan.

Amma ba waɗannan ne suka fi hana shi sakat ba. A yammacin nan, ana tura shi cikin motar 'yan sanda, ya waiwaya ya ga tsohon yana mayar da takobin kubensa. Da can sai an danna yake shiga. Yanzu dutse ya ramar da shi, ya zurma ciki babu ko turjiya. Baba Pindar ya saƙale shi a hammata, ya juya yana ɗingishi, kowane taku ƙarfen na kaɗawa a cikin kuben, ƙwal, ƙwal, ƙwal, har aka rufe wa Babakura ƙofa.