Mitar Babur ɗin Baba

Gab da magariba Ɗan Sifana ya fito gwajin babur ɗin marigayi babansu, yana fito da baki.

Tsohon babur ne, yayansa ya gada. Matsalarsa ɗaya: mitar da ke ƙirga tafiya. Ko a zaure ya kwana da kwaɗo, da safe sai a ga lamba ta ƙaru. Ɗan Sifana, bakaniken da ke cewa ko jirgi aka ba shi zai kwance ya ɗaura, ya canza wayar mita, ya wanke haƙoran da ke jikin tayar gaba, ya sa giris. A banza. Da abin ya ishe shi, ya maƙala wa wayar injin huda, ya juya lambobin baya har sifili. So yake ya ce wa Yaya ga babur ya dawo sabo fil, ya sha dariya.

Ya wuce gidajen ƙarshe, ya kama hanyar gonaki.

Sai bayan babur ya lotsa, kamar an ɗora buhu.

Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika masa hanci. Madubi bai nuna kowa ba.

"Yaron malam," aka raɗa masa a kunne, numfashin da sanyi. "Tun kafin a haife ka nake bayan babanka. Da ya tafi, ni kaɗai nake ƙara lambobin. Kai kuma ka zo ka goge min."

Ya saki totur. Babur ya ƙara wuta.

Ya taka birki. Kamar ya taka auduga.

"Ba komai. Mu sake daga farko."

Ƙis. Ƙis. Ƙis. Lambobi na hawa, a hankali. Ya tuna dubban da ya goge. Ko ya tsufa a kan sirdin nan ba zai cike su ba.

Ya rufe mai. Injin bai ko yi tari ba.

Bishiyar da ya wuce ta sake zuwa. Ta sake.

Yatsu suka riƙe masa ƙugu. Dogaye.

Da bisimilla a bakinsa ya zura hannu ƙarƙashin mita, ya laluɓo wayar da shi ya ɗaura ɗazu. Ya murɗa. Ya fizge.

Ƙis ɗin ya tsaya. Injin ya mutu. Ya tsinci kansa cikin kunyar gona, baki cike da ƙasa, tafin hannu a yanke.

Da safe Yaya ya turo babur gida, ya ce mita kam ta gyaru, ba ta ƙara motsi ita kaɗai ba.

Amma daga ranar, duk babur ɗin da Ɗan Sifana ya hau, ko na waye, sai baya ya lotsa.

Yanzu a ƙasa yake zuwa gareji. In an tambaya, sai ya buga ƙirji ya ce likita ne ya ce ya rage tumbi.

Ba shi da tumbi.