Hamsin a Awa Ɗaya

Auta ta fara ganinsa ne ranar da ta shiga ɗakin kwamfutoci da faɗa a bakinta. Manaja ya ba ta tallan rangwame ta aika wa mutum dubu biyu ta imel, hamsin suka fita, sauran suka maƙale. Ta tarar da wani siririn saurayi tsugune cikin wayoyi. Injiniya ake ce masa.

Ya ce shi ya sa iyakar, hamsin a awa ɗaya. In aka saki dubu biyu lokaci guda, manyan kamfanonin imel za su ɗauki ofishin a matsayin masu damun jama'a, su toshe shi, ko saƙon gaisuwa ba zai ƙara isa ba.

"Buɗe min na yau kawai."

"Ko ke ce matata ba zan buɗe ba."

"Allah Ya kiyaye," in ji ta.

Kafin tallan ya gama fita, rangwamen ya ƙare. Manaja ba shi da wanda zai maye gurbin Injiniya, sai ya kori Auta.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Sarauniyar gaggawa, na ci miki aiki. Ki bar ni in riƙe ki a madadinsa."

Ta daɗe tana fushi kafin ta amsa: "Mai tare hanya, ba ka da kunya. Zo ka gaida Baba."

Babanta ko tabarma bai ba shi ba. Ya ce wanda ya fifita na'ura a kan 'yarsa ba zai zama surukinsa ba. Ƙanen manaja ya fito neman ta, har da alkawarin mayar da ita aiki, uban ya amince, ita ta ƙi. Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta. Ni da na haife ta na roƙe shi har na gaji.

Injiniya bai fasa zuwa ba. In ta yi kuka sai ya ce, "Yi haƙuri, Autata. Abin da ke layi bai ɓata ba, a hankali yake fita. Yardar Baba ma tana layi."

Yardar ba ta fito ba. Hawan jini ya kayar da babanta a bakin famfo yana alwala, bai ƙara magana ba har ya cika.

Bayan na fita takaba kawunta ya sa ranar aure. Auta da Injiniya suka zauna a falona suna aika gayyata, hamsin hamsin. A ƙarshe Auta ta rubuta adireshin da ta buɗe wa babanta saboda harkar fansho, ta aika.

"Ya isa?" ta tambayi Injiniya.

"Ya isa."

"An buɗe?"

Injiniya ya sunkuyar da kai.

Aka ɗaura aure, kujerar uban tana ƙofar gida ba wanda ya zauna. Da za a tafi da ita ta durƙusa, na dafa kanta da hannu biyu. Na ce Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Hannun dama nawa ne, na hagu kuwa na ara wa babanta.