Agogon Mai Gadi

Mahfuzu ya dawo daga sallar magariba, ya sa ƙafa a zauren gidansa na Buza ke nan, sai dutse ya wuce ta gefen kunnensa ya daki ƙyaure. Ya juya yana zagin yaran maƙwabta. Na biyu ya same shi a gwiwa, kuma daga cikin gidan ya fito.

Mahfuzu mai tara agogo ne, amma ba kowane tarkace ba, sai tsofaffin nan masu tsada da kamfanoni kan ba ma'aikacin da ya tsufa a bakin aiki, da sunansa a zane a baya. Duk inda ya ji irin wannan tsoho ya rasu, Madawa ko Keita, yana kan gaba a ta'aziyya, idonsa na kan hannun magada. Wanda ya fi wahalar da shi na Maiguwa ne, mai gadin mangaza, wato ɗakin ajiyar kayan wani kamfani a arewa, wanda ya dawo Garhanga ya rasu. Shekaru yana naci kafin 'ya'yan su saki. Da la'asar ɗin ranar da aka fara jifan ya goge shi, ya murɗa kansa, agogon ya tashi.

Tun daga nan gidan ya daina shiguwa in rana ta faɗi. Baƙo jifa, akuya jifa, mai gida ma jifa. Takaici ya ishi Mahfuzu, gida nasa, amma sai ya raɓe a bakin ƙofa yana kare kai da buzun salla.

Sai abin ya koma kan 'yarsa Zuhura. Wata magariba ta bar tuwo a wuta, ta saɓa taɓarya a kafaɗa, ta shiga zagaya katanga da takun tsoho. Ba ci, ba barci, har ƙafafunta suka kumbura. Dole aka ɗauko Malam Yasin daga Deule.

Malam ya daɗe yana karatu. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba su motsa ba. Can Zuhura ta durƙushe, muryar wani aljani mai kauri ta fito daga bakinta.

"Malam, bari ƙona ni. Aiki nike."

"Aikin mi?"

"Gadi. Maiguwa barci shike, ni ka tsaron mangaza. Da anka tashi sallama, shi anka ba kyautar agogo, shi anka yi ma tahi, ni ko sannu. Ya mutu, agogo yat tsaya, nis samu hutu. Sai wanga mutum yat tashe shi. In agogo na tahiya, ai aiki bai ƙare ba."

"To mi kaka so ka bar ɗiyar mutane?"

"A sallame ni yadda aka sallamar ma'aikaci. A yi min godiya, a ba ni agogona."

Malam ya dubi Mahfuzu. Mahfuzu ya dubi ƙasa, ya shige ɗaki, ya fito da akwatinsa.

"Ga wanga, na zinariya na. Ya hi wancan."

"Ban yi gadi don wanga ba."

"To ɗauki biyu. Ɗauki ukku!"

"Mahfuzu," in ji Malam, ransa a ɓace, "dubi ƙahwahun yarinyar ga."

Ko a lokacin sai da ya ƙara tayi ɗaya. Da aka ƙi, ya kwance agogon daga hannunsa kamar ana cire masa haƙori, ya miƙe tsaye, ya gode wa aljani bisa aikin da ya yi. Malam ya kai agogon gindin wani gawo a bakin ƙorama, ya ajiye bai waiwaya ba. Taɓarya ta faɗi, Zuhura ta yi atishawa ta buɗe ido.

Mahfuzu ya durƙusa kusa da ita da kwanon ruwa.

"Sannu ɗiyata. Ba ki san abin da ya faru ba, ko?"

Ta karɓi kwanon, ba ta sha ba.

"Na sani, Baba. Bakina ɗai ya kama, kunnena na nan. Ina ji kana ciniki."